Kametaro Toyama: Masanin Da Ya Karanta Dokar Gado A Ƙwan Tsutsar Siliki

Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, suna tune da zamanin da injiniyoyin Japan ke kai-kawo a masaƙar Arewa Textiles, wadda aka kafa a shekarun 1960 da jarin wasu manyan kamfanonin kaɗin auduga na ƙasar Japan. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne inda Japan ta samo ƙarfin da har ta kai ga zuba jari a ƙasa mai nisa haka. Ba ta da man fetur na a-zo-a-gani, ba ta kuma noma audugar da za ta ishi masaƙunta. Tun daga buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama a 1859 har zuwa wajajen 1930, babbar hajar da take sayar wa duniya ita ce ɗanyen zaren siliki, da kuɗinsa kuwa take sayo injuna da auduga. Wannan zare daga bakin wata tsutsa yake fitowa, kuma mutumin da ya fi kowa sauya yadda ake kiwon tsutsar a Japan shi ne Kametaro Toyama, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙidayar launin ƙwai da bai fi ƙwayar gero girma ba.

An haifi Toyama a 1867 a ƙauyen Koayu, wanda yanzu yake cikin birnin Atsugi a lardin Kanagawa. Shekara guda bayan haihuwarsa mulkin sarakunan yaƙi ya faɗi, aka mayar da iko hannun Sarki Meiji, sabuwar gwamnati kuma ta ɗauki siliki a matsayin jarin ƙasa. A 1872 ta gina masana'antar warwarar siliki ta Tomioka da injuna da ƙwararru daga Faransa. A wannan yanayi yaron ya tashi. Ya shiga kwalejin nazarin aikin gona ta Jami'ar Sarki da ke Tokyo, ya kammala a 1892, ya zauna a hannun malamin nazarin dabbobi Chiyomatsu Ishikawa, wanda shi kuma almajiri ne ga August Weismann na Jamus. Aikinsa na farko da ya fito, a 1894, a kan yadda maniyyin tsutsar siliki yake samuwa ne. A 1896 aka naɗa shi shugaban sabuwar makarantar koyon kiwon tsutsar siliki ta lardin Fukushima, ya yi 'yan shekaru a can tare da manoma da masu sayar da iri, sannan ya koma jami'a.

Ƙasar Hausa ta san siliki tun da daɗewa, sai dai ta wata fuska. Akwai alharini da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Akwai kuma tsamiya, zaren wasu tsutsotsin daji da ke taruwa su saƙa gida guda babba, a ɗebo shi a dafa da toka, mata su kaɗa shi kamar auduga, masu ɗinkin hannu su yi aikin babbar riga da shi a Kano da Zariya da Bida. Tsutsar da Toyama ya yi aiki a kanta dabam take. Dabbar gida ce da mutanen Sin suka hore ta dubban shekaru da suka wuce, har ta kai ba ta iya rayuwa sai a hannun mutum. Ganyen wata bishiya da ake kira mulberi take ci. Tana yin kusan kwana 25 tana ci, ta saɓe sau huɗu, sannan ta naɗe kanta a cikin ƙunshin zare guda ɗaya tal wanda tsawonsa kan haura mita 1,000. In ba a dafa ƙunshin don warware zaren ba, sai ƙwaro mai fukafukai, dangin faɗa-wuta, ya fito. Ba ya tashi sama, ba ya cin abinci. Barbara kawai yake yi, macen ta saka ƙwai kamar 400 zuwa 500, su mutu cikin kwanaki kaɗan.

Wani bala'i da ya auka wa Turai shi ya share wa Toyama hanya tun kafin ya fara. A shekarun 1850 da 1860 wata cuta ta kusa ƙarar da tsutsar siliki a Faransa da Italiya, kuma ta cikin ƙwai take bi daga uwa zuwa 'ya'ya. Louis Pasteur ya fito da dabarar ware kowace uwa ta saka ƙwanta ita kaɗai, a duba gawarta da madubin ƙara girman abu, in tana da cutar a ƙone ƙwan. Masu sayar da iri a Japan suka ɗauki dabarar, suna sa kowace uwa a cikin da'irarta a kan takarda mai kauri. Don tsaron cuta aka yi haka, amma ga mai nazarin gado ya zama littafin rajista: ga uwa, ga uba, ga 'ya'yansu ɗari huɗu a da'ira guda, ba mai cuɗanya da na wata.

A 1900 masana uku a Turai suka tono aikin Gregor Mendel, malamin coci na garin Brno, wanda tun 1866 ya wallafa abin da ya gani a wani nau'in waken Turai, ya rasu a 1884 ba wanda ya kula da shi. Abin da Mendel ya ce shi ne kowane hali yana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata mai laɓewa. Mai laɓewar ba ta narkewa, ba ta gauraya, tana nan har ranar da za ta gamu da 'yar'uwarta. A wannan shekarar ce Toyama ya soma aurar da nau'o'in tsutsa dabam-dabam. Matsalarsa ita ce lokaci. Yawancin nau'o'in Japan sau ɗaya ko sau biyu suke ƙyanƙyashewa a shekara, ƙwan ya kwanta barci har sanyi ya wuce. Mai son ganin jika da tattaɓa-kunne sai ya jira shekaru.

Sai ga gayyata daga Siyam, ƙasar da ake kira Tailan a yau. Gwamnatin Sarki Chulalongkorn tana ganin kuɗinta na zurarewa wajen sayo siliki daga waje alhali ƙauyukanta na arewa maso gabas suna kiwon tsutsar, sai ta nemi ƙwararru daga Japan. Toyama ya isa Bankok a 1902 a matsayin shugaban tawagar. Aka kafa ma'aikatar siliki a ƙarƙashin ɗan sarki, Yarima Phenphatthanaphong, aka buɗe makaranta a 1904, aka kafa tashar gwaji a Korat. In za a faɗi gaskiya, aikin da aka ɗauke shi domin sa bai yi albarkar da aka zata ba. Matan ƙauye da ke kiwon tsutsa don saƙa wa gidajensu tufafi ba su ga dalilin barin hanyar iyayensu ba, yariman ya rasu a 1909 yana saurayi, kuma bayan kamar shekara goma gwamnati ta naɗe tabarmar shirin. Makarantar ce ta rayu ta wata siffa, domin Jami'ar Kasetsart ta aikin gona daga ita take ƙirga asalinta.

Ribar Siyam ta Toyama ce, kuma ta ilimi ce. Tsutsar ƙasa mai zafi ba ta san barcin hunturu ba: ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana goma, zuriya ta bi zuriya sau da yawa a shekara guda. Abin da zai ci masa shekaru a Tokyo ya same shi cikin watanni. Ya aurar da mai ƙunshi rawaya da mai ƙunshi fari, 'ya'yan duka suka saƙa rawaya. Ya aurar da 'ya'yan a junansu, sai fari ya dawo a jikoki, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ya bi zanen da ke bayan tsutsa, ya ga shi ma haka yake tafiya, kuma ba ruwansa da launin ƙunshi, kowanne hanyarsa dabam. Ya koma gida a 1905, ya wallafa sakamakon da Turanci a 1906 a mujallar kwalejinsa, ya sami digirin dakta a wannan shekarar.

A Japan akan ce shi ne farkon wanda ya tabbatar da dokar Mendel a jikin dabba. Wannan ya ɗan wuce gona da iri. Tun 1902 Lucien Cuénot ya nuna ta a ɓeraye a Faransa, William Bateson kuma a kaji a Ingila. Toyama dai yana cikin na sahun farko, kuma a ƙwari aikinsa ya fi na kowa tsafta a lokacin. Da Vernon Kellogg na Jami'ar Stanford a Amurka ya wallafa a 1908 cewa launin ƙunshi ba ya bin ƙa'ida guda, wani lokaci rawaya ya rinjayi fari, wani lokaci fari ya rinjayi rawaya, Toyama ya amsa a 1912 da cewa fari iri biyu ne. Akwai farin da ya rasa ƙwayar rawaya, akwai kuma farin wasu nau'o'in Turai da ke ɗauke da wata ƙwaya mai danne rawayar. Ido ba ya bambance su, sai aure.

Wannan lissafi na ɗaya cikin huɗu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya je gwajin jini kafin aure. Namiji mai AS da mace mai AS lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai ciwon sikila. Haka ma iyaye baƙaƙe ke haifar zabiya. Doka ɗaya ce da ta farin ƙunshin da ya ɓace a 'ya'ya ya ɓullo a jikoki.

Inda Toyama ya fi nuna zurfinsa shi ne a kan ƙwai, domin a nan ne dokar ta yi kamar ta karye. Ƙwan tsutsar siliki in an saka shi fari-fari yake, mai ɗan rawaya. Wanda zai kwanta barcin hunturu, cikin 'yan kwanaki sai ya rine, ya bi ta ja-ja da ruwan ƙasa har ya tsaya a duhun toka mai sirkin shunayya. Masu kiwo sun san akwai zuriyoyin da ƙwansu ke fita da wani launi dabam. Da Toyama ya aurar da irin waɗannan da na gama-gari, sai ya ga a wasunsu ƙwan launin dangin uwa yake ɗauka, ko wane ne uban. In uwa 'yar gidan baƙon launi ce, ƙwan ya yi baƙon launi. In aka juya auren, ya yi launin da aka saba. Uba kamar bai sa hannu ba. Mai gaggawa da nan zai tsaya ya ce ga halin da ake gada ta wajen uwa kaɗai, Mendel bai san da shi ba.

Shi bai tsaya ba. Ya reni 'ya'yan, ya aurar da su a junansu, ya duba ƙwan da suka saka. Duka suka fito da launi guda, na mai rinjaye, ko ta wane gefe aka fara auren. Ke nan ƙwayar uba tana nan, ta yi jinkirin magana ne kawai. Ya ƙara reno, ya bar jikoki mata suka saka nasu. A nan rabon Mendel ya bayyana, amma ba a cikin da'ira guda ba. Kowace uwa ƙwanta launi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai dai in aka jera da'irorin, uwa uku cikin huɗu sun saka launin mai rinjaye, ɗaya ta saka na mai laɓewa. Ma'anar ita ce launin da ake gani a ƙwai ba labarin ɗan da ke cikinsa yake bayarwa ba. Labarin uwar da ta saka shi ne, ita kuwa uwar rabin gadonta daga ubanta ta samo. Dokar tana nan daram, ta makara ne da zuriya guda. Ya wallafa wannan a 1913 a mujallar nazarin gado da Bateson da Reginald Punnett suka kafa a Ingila, kuma yana cikin bayanai na farko a duniya a kan abin da masana ke kira tasirin uwa.

Ga halayen ɓawon ƙwai abin ba wuyar fahimta, tunda jikin uwa ne ke gina ɓawon kafin maniyyi ya shiga. Inda gizo ke saƙa shi ne duhun launin da ake gani yawanci ba na ɓawo ba ne. Ɓawon garai-garai yake, launin yana cikin wata siririyar fata da ke ƙarƙashinsa, ita kuwa daga jikin ɗan tayin take samuwa, da gadon uwa da na uba a cikinta. To yaya fatar ɗa za ta yi biyayya ga gadon uwa ita kaɗai? Toyama ya auna abin, ya kafa lissafinsa, amma sinadarin da ke bayansa ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa.

Abin da ya sa manoman Japan suka san sunansa wani ne dabam, kodayake daga cikin waɗannan aure-auren ya fito. Ya lura cewa 'ya'yan farko na auren nau'i biyu masu nisa, kamar na Japan da na Sin, sun fi iyayensu biyu ƙarfi: sun fi jure cuta, sun fi saurin girma, ƙunshinsu ya fi nauyi, girmansu kuma ya zo daidai da juna, abin da masana'anta ke so. Ya kuma san, daga dokar Mendel, cewa wannan albarka ba ta wuce zuriyar farko, a jikoki komai zai sake tarwatsewa. Shawararsa ita ce a tsare nau'o'in iyaye tsantsa a hannun ƙwararru, a riƙa aurar da su kowace shekara, a ba manomi ƙwan 'ya'yan farko kaɗai. Wannan ya saɓa wa al'adar masu iri da suka gaji ajiye zuriyarsu suna alfahari da ita. A 1911 gwamnati ta kafa cibiyar samar da irin asali ta ƙasa, Toyama yana cikin ƙwararrunta, kuma a 1914 aka soma raba irin. A wannan shekarar Gosuke Imai na kamfanin Katakura ya kafa ƙungiyar yaɗa sabon irin a garin Matsumoto, yana ba manoma ƙwai ya sayi ƙunshin da suka samu. 'Yan kasuwa ne suka kai abin ƙauye fiye da jami'an gwamnati. Kafin shekarun 1930 kusan duk tsutsar da ake kiwo a Japan mai aure ce, a lokacin da gidajen manoma sama da miliyan biyu ke wannan sana'a kuma Amurka ke saye mafi yawan zaren don saƙa safar mata.

Manomin Saminaka ko Giwa da ke sayen irin masara mai aure kowace damina, yana ƙorafin cewa in ya shuka abin da ya girbe ba ya yin kyau kamar na bara, wannan ƙa'idar ce yake fama da ita. Ba lallai ba ne mai shago ya cuce shi. Haka jikoki suke. Masara mai aure ba ta bazu a gonakin Amurka ba sai a shekarun 1930, kusan shekara ashirin bayan tsutsar Japan. Tsarin yana da kaifi biyu, domin yana ƙara amfani amma yana ɗaure manomi ga mai sayar da iri, kuma a Japan ma manyan kamfanonin siliki sun yi amfani da shi suka riƙe wuyan masu kiwo.

Toyama bai ga cikar abin ba. Majalisar masana ta Sarkin Japan ta ba shi lambar yabo a 1915 saboda nazarin gadon tsutsar siliki, ya zama cikakken farfesa a 1917, ya rasu a watan Maris na 1918 yana da shekara 50.

Tambayar da ya bari ta jira Hideo Kikkawa, wanda a 1941 ya wallafa bincikensa a kan yadda launi ke samuwa a tsutsar siliki da ƙudan 'ya'yan itace. Akwai wata zuriya da ƙwanta ba ya rinewa sam, ƙwaron da ya fito daga cikinta kuma idanunsa farare ne maimakon baƙaƙe. Wannan ya nuna rini guda ne ke aiki a ƙwai da ido. Jiki yana haɗa shi ne daga wani sinadarin abinci mai suna tiriftofan, mataki-mataki, kamar yadda ganyen baba ke bin matakai kafin ya zama shuni a karofi. Zuriyar mai farin ido ta rasa ma'aikacin mataki guda, sai aikin ya tsaya a tsakiya. Sinadarin da ke fitowa daga wannan mataki kuwa yana yawo a cikin jinin uwa, tana zuba shi a ƙwai tare da gwaiduwa. Uwar da ke iya haɗa shi takan yi wa kowane ƙwai guzuri, ko da ɗan da ke ciki bai gaji iyawar ba, sai ƙwan ya rine da abin aro. Guzurin yakan ƙare tun tsutsar tana ƙarama. Ranar da za ta zama ƙwaro ta gina idanunta, da abin da ta gada za ta gina su. Shi ya sa ake samun ƙwaro mai farin ido ya fito daga baƙin ƙwai: ƙwan ya faɗi halin uwa, idon ya faɗi halin ɗa. A wasu zuriyoyin, kamar mai jan ƙwai, matsalar tana cikin fatar ɗan tayin kanta, inda guzurin uwa ba ya magani, don haka ja da baƙi sukan fito tare a da'irar uwa guda, uku da ɗaya, yadda Mendel ya faɗa.

Launin ƙwai ya shiga kasuwa shi ma. Namijin tsutsa ya fi macen ba da zare a kan ganyen da ya ci, tunda ita tana tanadin ƙarfinta don ƙwai, saboda haka masu kiwo sun daɗe suna son hanyar ware jinsi da wuri. A tsutsar siliki uwa ce ke ɗauke da abin da ke yanke jinsin ɗa, saɓanin ɗan Adam inda uba ne ke ɗauke da shi (abin lura ga mazan da ke ɗora wa matansu laifin haihuwar 'ya'ya mata). A farkon shekarun 1950 Yataro Tazima da abokan aikinsa suka yi amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka yanko ƙwayar rinin suka manna ta a kan abin da mata kaɗai ke gada. Aka sami zuriyar da baƙin ƙwai mace ne, farin ƙwai namiji, har na'ura mai ido tana iya tsince su.

A 2000, lokacin da Toshiki Tamura da abokan aikinsa suka yi nasarar dasa baƙuwar ƙwayar gado mai walƙiyar kore a jikin tsutsar siliki, zuriyar mai farin ƙwai da farin ido suka yi aiki da ita. Daga baya masu irin wannan dashe suka riƙa sa alamar a ido, domin a idon da ba rini walƙiyar ba ta da inda za ta ɓuya. Ita kuwa ƙwayar gadon da ta lalace a wannan zuriya, sai a 2002 aka gano ta, shekara 89 bayan takardar Toyama a kan gadon uwa.